Wasiƙa daga Manchesta: taram da farashin gidaje

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali baki ɗaya. Saƙonka ya iso, na kuma gane abin da ya hana ka sakat. Yaron nan namu na Leeds yana so a taimaka masa da kuɗin kafin alƙalami ya sayi gida a unguwar da aka ce layin taram zai ratsa, wai kafin farashi ya tashi. Ka ce in faɗa maka gaskiya tunda na kwana biyu a ƙasar nan. To zan faɗa, sai dai ka yi haƙuri da tsawon wasiƙar.

Abin da ya faɗa maka akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Taram yana ɗaga darajar gida. Amma ba kowane gida ba, ba kuma a lokacin da mutum yake so ba, sannan ribar kan tafi ne wurin wanda yake da ƙarfin jira. Wanda ya shiga da bashi iya wuya yana lissafin shekara biyu ko uku, shi ne ya fi shan jiki.

Taram dai ƙaramin jirgin ƙasa ne mai aiki da lantarki. A cikin gari yana bin dogo a kan titi, kafaɗa da kafaɗa da motoci da masu tafiya a ƙasa, in ya fita unguwannin waje kuma ya hau hanyarsa shi kaɗai ya ƙara wuta. Namu na Manchesta sunansa Metrolink. An buɗe shi a 1992 da layi biyu, ɗaya zuwa Bury a arewa, ɗaya zuwa Altrincham a kudu, dukkansu tsofaffin layukan jirgin ƙasa ne aka gyara aka haɗe su ta tsakiyar birni. Yau yana da tashoshi 99 a kan dogo mai tsawon kilomita 100 da 'yan kai, kuma babu wanda ya kai shi girma a irinsa a Birtaniya. Tashoshin ba su da ƙofa ba su da maigadi. Ka taɓa katin bankinka a jikin na'ura kafin ka hau, ka sake taɓawa in ka sauka, a cire kuɗin gwargwadon shiyyoyin da ka ratsa. Masu duba tikiti kan faɗo ba zato ba tsammani, wanda aka kama kuwa tararsa ta ninka kuɗin tafiyar sau da yawa.

In don araha ne, bas ta fi. Tun 2022 aka ƙayyade kuɗin hawa ɗaya a bas ɗin Manchesta a kan fam 2, ko ina za ka. Sai dai bas tana cikin cunkoso ɗaya da kowa, in titi ya cushe ita ma ta cushe. Sannan hanyar bas a takarda take, ana iya sauya ta ko a soke ta a zama ɗaya. Dogo kuwa in an shimfiɗa shi, an kashe miliyoyi, ba mai zuwa gobe ya naɗe shi. Wannan tabbacin shi mai sayen gida yake biya, shi banki yake dubawa, shi ne kuma ya sa dillalan gidaje a nan ba sa rubuta talla sai sun saƙala "minti kaza zuwa tasha" tun a layin farko.

To nawa ne ƙarin? Nationwide, ɗaya daga cikin manyan masu ba da bashin sayen gida a ƙasar nan, ta sha fitar da lissafi a kan haka. Takan kwatanta gida mai nisan mita 500 daga tasha da irinsa mai nisan mita 1,500, a Landan da Manchesta da Glasgow. A duk biranen uku na kusa da tashar ya fi tsada, amma a Manchesta ratar ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba, kuma tana hawa tana sauka daga wannan lissafi zuwa wancan. Ɗauki misali kawai: gidan fam 250,000, a ce ya ƙaru da kashi 5, ka ga fam 12,500 ke nan. Kuɗi ne, ban raina ba. Amma cire ladan lauya, da na mai duba lafiyar gini, da na dillali ranar da za a sayar, da ruwan bashin da aka biya a shekarun jira, ka ga abin da ya rage. Masu cewa gida zai ninka saboda taram, ko dai dillalai ne ko kuma daga bakin dillalai suka ji.

Abin da ya kamata yaron nan ya fara ganewa shi ne tasha daban, dogo daban. Gidan da ke cin moriya shi ne wanda za ka taka minti biyar zuwa goma ka isa tasha, amma ba ka jin jirgin daga ɗakin kwana. Wanda dogo ya bi ta bayan katangarsa a tsakanin tashoshi biyu, shi ya kwashi ƙarar bai samu sauƙin ba. A kudancin Manchesta aka ga wannan ƙuru-ƙuru. Akwai wani tsohon layi da ya ratsa Chorlton da Didsbury, aka rufe tashoshinsa a 1967. Ɓangaren Didsbury ya haura shekara 40 ba jirgi, bishiyoyi suka cike ramin da dogon ke bi ta cikinsa, masu gidajen da ke jingine da shi suka saba da shiru kamar ba a birni suke ba. Da aka tashi farfaɗo da shi, aka sare bishiyoyin, taram ya isa Chorlton a 2011, ya kai East Didsbury a 2013. Mutanen da ke titi biyu ko uku daga tashoshin sun yi murna, da hujjarsu. Na bakin ramin kuwa suka wayi gari fasinjoji na hango tsakar gidansu.

Kuma ƙarar taram iri-iri ce. A miƙaƙƙen dogo ba ta taka kara ta karya ba, babbar mota ma ta fi ta. A kwana ne ƙafafun ƙarfen ke gogar dogo su yi wani irin ƙugi mai shiga haƙori, musamman in dogon ya bushe. Ga ƙararrawar gargaɗi a mararraba, ga sanarwar lasifika a tasha, ga fitilun da ba sa mutuwa, tun wajen shida na safe har tsakar dare, ranakun Juma'a da Asabar ma ya wuce haka. Sai matsalar da ba a cika faɗa wa mai saye ba: mutanen unguwanni masu nisa kan zo da motocinsu da sassafe su jere su a ƙofar gidajen mutane, su hau taram zuwa aiki, sai yamma. An gina filayen ajiye mota a wasu tashoshi, irin su East Didsbury da Radcliffe, amma inda babu, ƙaramar hukuma kan kawo tsarin takardar izini ga mazauna titi, kuma a wurare da dama biya ake yi. Ka ga mutum yana biyan kuɗi don ya ajiye motarsa a ƙofar gidansa.

Sai kuma unguwar kanta. Altrincham da Didsbury suna cikin wurare mafi tsada a yankin nan, amma tun kafin taram masu hali ke rububinsu, saboda makarantu da kyan gidaje. Jirgin ƙari ya yi a kan abin da ya tarar. Dubi Oldham da Rochdale. An rufe tsohon layinsu a Oktoban 2009, mutane suka koma bas kusan shekara uku, taram ya isa Oldham a 2012, Rochdale a 2013, ya shiga tsakiyar garuruwan biyu a 2014. Ya amfani masu zuwa aiki ƙwarai, wannan ba musu. Amma har yau gidajen can suna cikin mafi araha a Manchesta da kewaye. A Sheffield ma, da aka buɗe nasu a 1994, fasinjoji ba su kai yadda aka yi hasashe ba, har da dalilin cewa an rushe wasu dogayen benayen da ke bakin hanyar. Jirgi ba ya gyara makaranta, ba ya kawo masana'anta, iyakarsa ya rage maka nisa zuwa inda aikin yake.

Yanzu mu zo Leeds ɗin, don nan gizo ke saƙar. Yaya, garin nan an daɗe ana shafa masa romon baka. Majalisar dokoki ta ba da izinin yi masa taram tun 1993. Gwamnati ta amince da kuɗi a 2001, har aka fara share fage. A Nuwamban 2005 ministan sufuri na lokacin, Alistair Darling, ya soke aikin saboda kuɗinsa ya kusa ninkawa, bayan an riga an kashe kimanin fam miliyan 40. Liverpool ma a shekarar nata ya sha ruwa. Aka dawo da shawarar bas mai jan lantarki daga waya, ita ma gwamnati ta yi watsi da ita a 2016. Ta leƙo ta koma har sau biyu ke nan. Yanzu an sake tayar da maganar, za a haɗa Leeds da Bradford, an kuma yi alkawarin fara haƙa a 2028. Ina yi musu fatan alheri. Amma wanda ya sayi gida a 2001 don taram, yau ɗan da aka haifa masa a shekarar ya gama jami'a, jirgi bai zo ba. Mu ma nan Manchesta mun ɗanɗana: a 2004 ministan nan ya janye kuɗin faɗaɗa Metrolink, sai da aka yi gangami mai zafi kafin a dawo da wani ɓangare.

A ce ma an fara aikin, tsugune ba ta ƙare ba, don shekarun gini su ne masu ɗaci. Shimfiɗa dogon kansa ba shi ne wahalar ba. Abin da ke ƙarƙashin titi ne: bututun ruwa, na gas, magudanar ƙazanta, wayoyin lantarki da na tarho, wasu sun haura shekara 100, wasu ba sa cikin kowace taswira. Dole a kawar da su gefe tukuna, don ba za a riƙa tsayar da jirgi ana fasa dogo duk ranar da bututu ya fashe ba.

Edinbara, babban birnin Sikotilan, shi ne darasin da kowa ke ambata a nan. An tsara fam miliyan 545, a gama a 2011. Aka tona tituna, aka yi ta cin karo da abin da ba a zata ba, rikici ya ɓarke tsakanin hukumar aikin da 'yan kwangila, aiki ya yi ta tsayawa. Da aka buɗe a ƙarshen Mayun 2014, kuɗin ya kai fam miliyan 776, ban da ruwan bashi, layin kuma an datse shi. Waɗanda suka fi ban tausayi mutanen titin Leith Walk ne. An tone musu titi shekara da shekaru, masu shaguna suka yi ta asarar ciniki, ƙarshe aka ce kuɗi ba zai kai jirgi wurinsu ba, aka tsayar da shi a York Place. A 2019 aka dawo aka sake tone titin, sai a Yunin 2023 taram ya bi ta nan zuwa Newhaven, da ƙarin fam miliyan 207. Binciken da aka ɗora wa wani tsohon alƙali, Lord Hardie, a kan badaƙalar shi ma sai da ya ci shekara tara kafin rahoto ya fito. Yau Leith unguwa ce da ake so, gidaje sun yi daraja. Amma tambayi kanka wa ya ci ribar. Wanda ya iya zama ya shanye ƙura da shingaye shekara 15 ne. Wanda aiki ya ɗauke shi, ko aure ya mutu, ko bashi ya ci ƙarfinsa a tsakiyar tonon, ya sayar ne a lokacin da mai saye ke tsallake rami kafin ya iso ƙofa.

Kada ka ce Birtaniya ce kaɗai. A Toronto ta Kanada an fara layin titin Eglinton a 2011 da niyyar gamawa a 2020, har 2024 ta ƙare ba a buɗe ba, shagunan 'yan asalin Jamaika da ke wannan titi da yawa ba su kai labari ba. A Maryland ta Amurka, layin Purple Line mai tashoshi 21 tsakanin Bethesda da New Carrollton an fara shi a 2017 za a buɗe a 2022, 'yan kwangila suka ajiye aiki a 2020, aka ɗage zuwa 2027. Akwai dai inda aka yi abin kai: layinmu na filin jirgin sama da ya ratsa Wythenshawe an buɗe shi a Nuwamban 2014, sama da shekara guda kafin wa'adi. Na Trafford Park kuma aka buɗe shi a Maris ɗin 2020, washegari aka sa dokar kullen korona, taragai suka yi ta yawo fayau.

Ka tambaye ni ko ana biyan diyya. Ana biya, kuma a nan ne na fi son ka natsu, don dokar Ingila tana da kyau a wani gefe, tana da rowa a wani.

In layin zai bi ta kan gidan kansa, hukuma na da ikon karɓarsa ko mai shi bai so ba. Za a biya shi farashin kasuwa, kamar dai ba a taɓa maganar layin ba, a ɗora masa kashi 10 na raɗaɗin rabuwa da muhalli in ya shekara a ciki, kodayake akwai iyakar da wannan ba ya wucewa, sannan a biya kuɗin tashi da na lauya. Wannan mutum, duk da ɓacin ransa, ya fi maƙwabcinsa sa'a.

Maƙwabcin da ba a taɓa masa ko taku ɗaya na fili ba, shi dokar diyyar filaye ta 1973 ce gatansa. Ta ba shi damar neman diyya in darajar gidansa ta faɗi saboda abubuwan da ta lissafa: ƙara, jijjiga, wari, tururi, hayaƙi, hasken fitila, da zubo wani abu mai ruwa ko mai ƙarfi a filinsa. Iyakarsu ke nan. In an sare bishiyoyin da ke bayan gidanka, ko an tare maka kallo, ko fasinjoji na leƙen tagarka, ba ka da ko sisi a kan wannan. Ba ka shigar da buƙata sai layin ya shekara da fara aiki, daga nan kuma kana da shekara shida. Dole ya zama ka mallaki gidan kafin ranar buɗewa, wanda ya saya daga baya ana ɗauka ya gani ya yarda. Wahalar shekarun gini, ƙura da toshe hanya da injinan dare, ba ta cikin wannan lissafin sam. Sai babbar dabarar: in taram ɗin nan dai ya ƙara wa gidanka daraja saboda kusancin tasha, za a cire ƙarin daga diyyar. Shi ya sa wanda ke manne da tasha kan tashi a tutar babu, an ce ƙarar da ribar sun cinye juna. Akwai kuma ƙa'idar 1996 da ta tilasta a sa wa gida ƙarin gilashin taga mai tare ƙara in ƙarar ta haura wani mizani. Ɗan haya na wata-wata ko shekara-shekara kuwa ba ya cikin masu neman diyyar faɗuwar daraja, tunda gidan ba nasa ba ne.

Faransawa sun fi kula da masu shaguna. A biranensu da dama, in za a yi layin taram akan kafa kwamitin sulhu, ɗan kasuwa ya kawo littattafan cinikinsa na kafin tono da na lokacin tono, a duba a biya shi wani abu ba sai an je kotu ba. Su kuma in sun tashi aikin ba dogo kaɗai suke shimfiɗawa ba, titin gaba ɗaya suke sakewa daga wannan bango zuwa wancan, su faɗaɗa hanyar ƙafa, su dasa bishiyoyi, wani wurin har ciyawa suke shukawa a tsakanin dogo, tana ƙawata wuri tana rage ƙara. Nantes ce ta fara dawo da taram a 1985, Strasbourg ta biyo a 1994, Bordeaux a 2003 ta binne lantarkin a ƙasa a tsohon gari don kada wayoyi su ɓata fuskar gine-gine. A ganina rabin darajar da gidajen can ke samu daga gyaran titin take fitowa.

Haraji kuma shi ne inda Ingila da Amurka suka raba gari. A Ingila harajin da mazaunin gida ke biya wa ƙaramar hukuma an gina shi ne a kan darajar gidan a ranar 1 ga Afrilun 1991, an kasa gidaje aji takwas. Ko jiya aka gina gida, sai an ƙiyasta nawa zai yi a 1991. Saboda haka in taram ya ɗaga darajar gidanka, ajinka ba ya motsi. In kuma ka sayar da gidan da kake zaune a ciki, ba a karɓar harajin riba. Wato jama'a duka sun biya kuɗin dogo, ƙarin darajar ya shige aljihun mai gida salin alin. A yawancin jihohin Amurka kuwa harajin yana bin darajar gida ta yanzu, ana sake kimantawa lokaci-lokaci, a Maryland duk shekara uku. Tsohuwar da ta yi ritaya a gidan da ta gama biya, in unguwarta ta yi tsada, takardar harajinta ce ke kumbura, fanshonta yana nan yadda yake. Arzikin a takarda yake, sai ta sayar ta bar unguwar za ta taɓa shi. Wasu jihohin sun sa linzami, kamar Kalifoniya da tun 1978 ta hana ƙimar haraji ta ƙaru fiye da kashi 2 a shekara sai in gida ya sauya hannu.

Ɗan haya ne dai a ko'ina ba shi da mafita. Mai gida na ganin jirgi ya fara wucewa zai tuna cewa haya ta yi araha. Sai ka tarar mutanen da aka ce don su aka yi layin, marasa mota, masu aikin dare, su ne farkon tattara kaya zuwa inda jirgin bai kai ba. Wannan fargabar ce ke damun baƙin da suka cika Langley Park a kan hanyar Purple Line. A St. Paul ta jihar Minnesota kuwa mutanen unguwa sun nuna ana iya tsayawa a kan haƙƙi. Taswirar farko ta layin titin University ta ware tashoshi nesa da juna a daidai unguwannin talakawa da baƙaƙen fata, mutanen da babbar hanyar mota ta taɓa tarwatsa musu unguwar Rondo shekarun baya. Suka ce ba za a bar su da ƙara jirgi ya wuce su ba. Aka ƙara tashoshi uku, Hamline da Victoria da Western, kafin a buɗe layin a 2014.

Wa ke biyan kuɗin ginin kuma, kowa da dabararsa. Faransa na karɓar wani kaso daga duk ma'aikatar da ke da ma'aikata 11 zuwa sama a birni. Nottingham tun 2012 take cajin ma'aikatun da ke da gurbin ajiye mota 11 zuwa sama, da kuɗin ta tallafa wa sababbin layukanta na 2015. Mu a Manchesta an nemi a sa kuɗin shiga gari da mota, aka yi ƙuri'a a Disambar 2008, kusan mutum huɗu cikin biyar suka ce ba su yarda ba, ƙarshe da bashi da kason harajin ƙananan hukumomi aka haɗa aka yi aikin.

Shawarata ga yaron nan ita ce ya sayi gidan da zai so zama a cikinsa ko taram ya zo ko bai zo ba, a farashin da ya dace da unguwar yadda take a yau. In dillali ya riga ya ɗora kuɗin jirgin a kai, ya bar masa. Ya yi hattara da sababbin dogayen benayen da ake tsirawa a bakin tashoshi. Kyansu a ido ba magana, amma akwai kuɗin hidimar gini na shekara-shekara wanda ba shi da linzami, kuma tun bayan gobarar dogon benen Grenfell a Landan a 2017 masu irin waɗannan gidaje da yawa sun kasa sayarwa saboda bankuna na ɗari-ɗari da rufin jikin bangon. Sannan ya sa lauyansa ya karanta masa sakamakon binciken da ake yi a ƙaramar hukuma kafin ciniki ya faɗa. A cikin tambayoyin akwai wadda ke neman sanin ko gidan yana cikin mita 200 daga wani layin jirgi ko taram da ake shirin yi. In amsar "e" ce, ya nemi taswirar ya ga abu uku: ina tashar za ta zauna, ina kwana take, da kuma ta wane gefen gidan dogon zai bi. Ya kuma tuna cewa kafin gwamnati ta sa hannu a kan izinin ƙarshe, ana iya matsar da tasha ko a sauya titi ɗungurungum.

In ya samu wanda ya kwanta masa, ya turo mini adireshin. Leeds ba ta wuce tafiyar awa guda da 'yan mintuna a jirgi daga nan ba, sai in je mu taka unguwar tare, sau ɗaya da safe lokacin fita aiki, sau ɗaya da dare, kafin ka saki ko kwabo.

Wassalam,
ƙaninka.